Zobban da Hajjo ta Wanke

Kwanakin baya wani matashi mai gareji a bakin tashar Rano ya aiko mini da zoben tagulla ƙwaya ɗaya a cikin leda, wai in duba masa ko zai ƙara aiki. Zobe tsura, babu giyar da yake zama a kanta, babu ko ɗigon man da ya fito daga cikin akwatin giyar. Na ce a mayar masa da abinsa, a gaya masa ni ba duban bokaye nake yi ba. Abin da ya sa ke nan na ce a zauna in faɗa a rubuta, tunda ni ban shiga aji ba. Ku yaran yanzu kun ɗauka aikin giyabos kwance ƙusa ne da ɗaure ƙusa. Kwancewa kowa ya iya. Wuyar aikin ita ce ka ɗauki abin da ya riga ya yi shekaru yana aiki, ka ce wannan zai koma, wannan ba zai koma ba, alhali mai motar yana tsaye a kanka yana so ka ce duk za su koma.

Zoben da nake magana shi ne wanda kuke kira sinkoro. Kowace giya tana da wani wuya mai santsi da ya ɗan tsuke, zoben kuma yana hawa kansa kamar hula. In direba ya tura sandar giya, zoben ne ke fara kama wuyan nan, ya rage masa gudu ko ya ƙara masa, har gudun ya zo daidai, sannan haƙora su shiga ba faɗa. Ƙaramin birki ne a cikin mai. Da gangan aka yi shi da tagulla mai taushi, don shi ya cinye, ƙarfe ya tsira. Ranar da ya gama cinyewa, direba zai nemi giya ta hana shi.

Aikin farko da na taɓa, na wata tsohuwar tasi ce mai bin hanyar Kibiya. Maigidana Malam, Allah Ya ji ƙansa, garejinsa a ƙofar gida yake, kuma ya gaji da yadda ake zubar masa da ƙananan ƙwallaye da sifirin a cikin ƙasa, sai ya fara shigo mini da kayan ciki in wanke da kananzir. Na wanke tas, na jera a faifai manya gefe, ƙanana gefe, kamar mai jeran kwanuka. Da Malam ya shigo ya gani bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “To, yanzu nuna mini wanne ne mijin wacce.” Zobba huɗu ne, duk kamarsu ɗaya a idona. Ya ce kowane zobe ya ci wuyan giyarsa, wuyan ya ci shi, sun saba da juna, in ka raba su ka ɓata shaida. Tun daga ranar, abin da na fara cirewa sai na ɗaure shi da giyarsa da tsumma kafin ya ga kananzir. Daga baya idon Malam ya yi yana, sai ya zama shi ke ɗaura akwatin da hannu, ni ke gaya masa abin da zai ɗaura.

Kayan aikina ba su cika faifai ba. Tasa biyu, gashin kaza na share lungu, guntun zarton yankan ƙarfe, tandun kwalli, da farcen babban yatsana. Man da aka tsiyaye nake fara karɓa. In na karkata tasar a rana na ga gari mai ruwan zinariya kwance a ƙasa, na san tagulla ta ci. Sannan cikin zoben. Akwai wasu layuka sirara a zagaye, su ke yanka mai don zoben ya sami kamu. In na ja farce ya yi ƙaiƙayi, da sauran rai. In ya zame sumul kamar bayan cokali, ya tafi. Sai in shafa kwalli kaɗan a wuyan giyar, in ɗora zoben, in danna in murɗa. Mai lafiya zai cije ya ƙi juyawa, kuma in na ɗaga zan ga kwallin ya kama shi ko'ina daidai. In gefe biyu kawai ya kama, wani ya taɓa bubbuga shi don ya matse, kuma na san masu yin hakan a garin nan. Na ƙarshe shi ne zarto. Tsakanin bayan zoben da fuskar giya dole a sami rata. In guntun zarton nan ya shige ba gardama, zoben yana zaune a sama, yana da sauran abin da zai ci. In ya ƙi shiga, zoben ya nutse, saura kaɗan ya zauna daɓas, daga nan babu kamu.

Akwai wani direban bas mai bin Tarai, Ɗanliti, da ya kawo mini akwati yana rantsuwa jiya-jiya motar ta fara kuka. Duk haka suke faɗa. Na duba na ga zoben lamba uku gefe ɗaya ya cinye, cokalin ƙarfen da ke tura shi ma ya suɗe.

Na ce, “Ɗanliti, hannunka na dama ciwo yake maka?”

Ya ce, “Lafiyarsa lau, Inna.”

Na ce, “To me ya sa kake kwantar da shi a kan sandar giya tun daga Tarai har Rano? Matashin kai ce?”

Ya yi dariya ya ce wallahi sai dai in aljanu ke kawo mini rahoto. Na ce aljanun suna cikin tasa, ya leƙa ya gaishe su.

Da aka dawo mulkin farar hula, aka zo aka ƙaddamar da Shari'a, aikin ya canza ta fuska biyu. Da a zaure nake zama, sai na koma tsakar gida. Direba ya tsaya bakin ƙofar zaure ta ciki, muna magana ba ma ganin juna. Wannan bai dame ni ba, dama ba fuskarsa nake dubawa ba. Abin da ya dame ni shi ne motoci. Tsofaffin motocin Kwatano suka cika gari, 'yan siyasa na raba wasu, wasu kuma mutum ya sayar da gona ya saya. Wanda bara yake riƙe da fartanya bana ya riƙe sitiyari. Tsofaffin direbobi sun iya tafiya da mataccen zobe: su taka kuloci, su fito firi, su ba ta wuta, su sake takawa, giya ta shiga da kunne. Sababbin nan ba wanda ya koya musu. Zoben ne kaɗai malaminsu.

Shekarar da Malam ya rasu ita ce mummunar shekarar. Garejin ya koma hannun Salisu, ɗana na uku. Hannunsa na da kyau, amma ba ya son a ce masa ya cika tsanani, yana so a san shi da sauƙin kai.

Da kaka, ana tsakiyar cire masara, wani Bafulatani daga rugar da ke bayan Durba, Jauro Hamidu, ya yi sallama a zaure. Makiyaya ce ta ƙare musu, ko'ina an nome, sai ya sayar da yawancin shanunsa ya sayi akori-kura ya damƙa wa babban ɗansa, Buba. Motar ta fara gardamar lamba biyu, wani mai gyaran babur a can ya ce zai iya, ya farke akwatin, ya kasa mayarwa. Sai aka ce musu su zo Rano wajen Inna Asabe. Maza suka tsaya a zaure da ƙoƙon akwatin a buhu. Kayan cikin kuwa, uwar Buba ce da kanta, Hajjo, ta shigo mini da su a ka, cikin sabuwar ƙwarya an rufe da faifai.

Muka gaisa, ta sauke, ta buɗe. Na daɗe ban ga abu mai ƙyalli irin wannan ba. Zobba huɗu kamar yanzu aka sauke su daga wuta, giyoyi farare tas, an jera su manya ƙasa ƙanana sama.

Na ce, “Wa ya taɓa waɗannan?”

Ta ce, “Ni ce, Adda. Da na ji an ce mace ce za ta duba, na ce ba za a kai wa matar mutane kaya baƙi ƙirin kamar gindin tukunya ba. Ai sai ki ce ba mata a gidanmu.”

“Da me kika wanke?”

“Toka da tsamiya. Inda ya ƙi fita na sa yashin rafi, mai laushin.”

“Man da ke ciki fa?”

“An zuba a gindin rumbu saboda gara.”

Tana faɗa tana murmushi, tana jira in yaba. Kuma a wajenta ba ta yi kuskure ba. Ko ni ba zan aika wa wata da kwano mai maiƙo ba, haka aka tashe mu. Sai dai abin da ta goge shi ne duk abin da nake karantawa.

Na gwada duk da haka. Ban san wanne ne na wace giya ba. Na ja farce, ko'ina ƙaiƙayi yake, amma ba ƙaiƙayin layuka ba, na karce ne. Na shafa kwalli, ya watse cikin karcen bai nuna mini komai ba. Na ɗora a wuyan lamba biyu na murɗa, ya cije gam. Zarto ya shiga da ƙyar, yana gurzar yashi. Tagulla taushi gare ta, ƙwayoyin yashin sun nutse a jikinta, su suka ɗaga zoben, su suka ba shi kamu.

Na kira Salisu. Ya murɗa ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Inna, ai ko sabo bai fi haka kamawa ba.”

Na ce, “Yashi ne ya kama. In ya ji mai da zafi zai saki, kafin ya saki kuma zai cinye wuyan giyar. Babu wanda zai koma a cikin huɗun nan. A nemo wasu.”

Matsalar ita ce irin na wannan motar babu shi a Rano, a Kano ma sai jabu, masu kyan sai an jira mai kawowa daga kudu, kuma ba wanda ya san ranar zuwansa. Jauro ya matso bakin ƙofa ya ce, “Inna, a gafarce ni. Na riga na yi wa wani dillali alkawari yaron nan zai kwaso masa masarar Rurum. In kaka ta wuce motar na kan dutse, me zan ce na sayar da shanuna na saya? Ba ni da wata saniyar da zan waiwaya.”

Na ce, “Jauro, na ji. Amma hanyar Rurum akwai gangare, kuma birkin irin motocin nan in an yi musu lodi ba ya riƙewa shi kaɗai. Da giya ake sauka. Ranar da zoben nan ya saki, ɗanka zai nemi lamba biyu a tsakiyar gangare ya rasa.”

Salisu ya ce, ƙasa-ƙasa, “Inna, mota nawa ke yawo a garin nan da mataccen zobe? Wa ya mutu?”

Na ce, “Waɗancan sun tsufa a kan sitiyari. Wannan bara sanda ce a kafaɗarsa.” Na ɗaga murya na ce, “Kai Buba, ka iya taka kuloci sau biyu?”

Ya amsa daga zaure, da fara'arsa, “Sau biyu kuma, Inna? Ai ni sau ɗaya nake takawa, ba na wahalar da ita.”

Na ce, “To ji nan. In sun ƙi ji sun ɗaura maka, kafin ka kai kan gangaren nan ka tsaya cak, ka sa lamba biyu, kada ka sake taɓa sandar sai ka ga ƙasa ta miƙe.”

Ya ce, “A lamba biyu tun daga sama? Ai jakin mai itace zai wuce ni yana kallona.”

Duk suka yi dariya, har Jauro. Hajjo ce kaɗai ba ta yi ba. Kallon ƙwaryar take yi, ta fara gane ba yabo za ta samu ba. Na mayar da zobban ciki, na rufe da faifan, na miƙa wa Salisu. Na ce, “Ni ban ce a ɗaura ba. Na zaure ya ji, na tsakar gida ya ji.” Salisu ya ce zai wanke su da fetur ya fitar da yashin, kuma na wucin gadi ne, da masu kyan sun zo zai canza. Ya ɗaura.

Motar ta tashi lafiya, giya na shiga kamar an shafa mata man shanu. Buba in zai wuce ta ƙofar gida sai ya danna ham, ya yi ihu, “Inna, jakin bai wuce ni ba tukuna!” Ranar kasuwa Hajjo ta aiko mini da kindirmo. A tasha aka fara cewa tsohuwa ta fara ruɗewa, tana kashe zobe mai rai. Kunnena na kan kwanar da ke bayan gidanmu, inda kowace mota ke rage gudu ta sauko lamba biyu. Bayan 'yan makonni na ji abin da nake jira, wani ɗan gurnani gajere daga motar Buba kafin giyar ta shiga. Bayan nan ya ƙara tsawo. Na ce wa Salisu ya tare Buba ya sauke akwatin nan ko da zobban ba su zo ba. Ya tare shi. Buba ya ce saura lodi kaɗan masarar ta ƙare, in ya gama zai kawo ta da kansa ta huta.

Ɗan dakon da ke saman buhuna shi ya ba da labari, don shi ya yi tsalle ya tsira da karyewar hannu. Da azahar ne, sun taso daga Rurum da lodi har ya ɗara kan motar. Buba ya shiga gangaren a lamba uku. Da ya ji birki ya yi laushi sai ya zare giyar zai sa biyu. Ɗan dakon ya ce ƙarar da ta yi kamar ana niƙa tsakuwa. Buba ya sake turawa ta ƙi. Ya nemi komawa ukun da ya baro, ita ma ta ƙi. Haka ta tafi a firi, ba abin da ke riƙe da ita, har kwanar da ke gindin gangaren. Ta daki kwalbati, buhunan suka zo ta saman kan motar. Kafin la'asar sakaliya an yi wa Buba sutura.

Masu sayen ƙarfe sun zo kan gawar motar, na sa Salisu ya je ya karɓo akwatin kafin su ɗauka. Na ce ya buɗe a gabana, a tsakar gida. Zoben lamba biyu ya zauna daɓas a fuskar giyar, ko gashi ba zai shiga ba, balle zarto. Cikinsa sumul. Wuyan giyar kuwa duk ya zama kurji. Na miƙa masa na ce ya murɗa. Ya juya a hannunsa kamar awarwaro.

Bayan an yi sadakar arba'in Hajjo ta zo. Ba ta ɗauko komai ba. Ta zauna a bakin tabarma, muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, ta amsa. Salisu na gefen rijiya yana wanke hannu. Sai Hajjo ta ce, ba tare da ta kama sunan ɗan ba, don ɗan fari ne:

“Adda, an ce ke ba ki ɓoye abin da kika gani. Yaron nan, wankina ne?”

Na ce, “Wankinki ya rufe mini ido, kuma yashin ya ƙarasa abin da ya rage. Wannan gaskiya ne, ba zan canza miki shi ba. Amma ke ba ki san zobe ba, ƙwarya kika sani, kuma abin da ake yi wa ƙwarya kika yi masa. A gidan nan aka san zobe. A nan aka ce kada a ɗaura, a nan aka ɗaura.”

Salisu ya tsaya da hannu a cikin bokiti. Hajjo ba ta dube shi ba. Ta gyara lulluɓinta ta ce, “Guda huɗu na wanke. Ɗaya ne ya yi wannan. Sauran ukun suna ina?”

Na ce suna nan cikin akwatin.

Ta ce, “Har yanzu suna ƙyalli?”

Na ce, “Biyu daga ciki, in an goge, za su ruɗi mutum.”

Ta ce, “To ɗan wa za a sa wa?”

A lokacin, zoben da na ƙi, mayar wa mai shi nake yi, kayansa ne. Wasu su sayar wa masu gwanjo, ya zagaya ya faɗa motar wani, wani lokacin ma ya dawo hannuna a akwati na daban. Shekara da shekaru haka ake yi, ba wanda ya taɓa tambaya sai matar nan da ba ta san lamba ɗaya daga ribas ba.

Na ce wa Salisu ya kawo zobban da babbar guduma. Ya ɗora su a kan dutsen da muke fasa itace. Ya dube ni, na ce, “Kai ka ɗaura.” Ya buga su ɗaya bayan ɗaya har suka koma kamar ganye. Hajjo na zaune tana kallo har ya gama na huɗun. Sannan ta miƙe, ta ce a gaida mutanen gida, ta fita. Ban sake ganinta ba; an ce Jauro ya kwashe iyalinsa sun yi kudu da 'yan shanun da suka rage.

Har yau haka muke aiki. In na duba na ce zobe ya mutu, Salisu ba ya jiran in ƙara magana, waje yake yi da shi wajen dutsen. Mun rasa masu kawo aiki da yawa saboda haka, wasu sun zage mu, wani har cewa ya yi zai kai mu gaban alƙali don mun lalata masa dukiya. Yana ta faɗa a zaure, “Kayana ne! Da kuɗina na saya!” Na ce a miƙa masa zoben nasa da guduma ta baje. Na ce, “Naka ne, ba wanda ya hana ka. Ga shi nan a miƙe. In ka sami giyar da zai hau, ka ɗaura.”